Sabar mai katin sadarwa biyu

Sabar mai katin sadarwa biyu kwamfuta ce da ake jonawa da hanyoyin sadarwa biyu a lokaci guda, kowane kati da nasa adireshin IP. Idan aka saita ta, tana yin aikin rauta, wato ta karɓi bayanai daga wannan ɓangare ta miƙa wa wancan.

A shekarar 1996 takardar RFC 1918 ta ware rukuni uku na adireshi domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Alal misali, wata makaranta a Gumel za ta iya ɗora ɗakin kwamfutocinta a kan 192.168.1.0, ofishin rajista kuma a kan 192.168.2.0. Ɓangarorin biyu ba za su ji juna ba sai da mai shiga tsakani.

Linux ba ya miƙa bayanai tsakanin katuna sai an mayar da ƙimar net.ipv4.ip_forward daga 0 zuwa 1. Wannan shi ne mai sauƙin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne hanyar dawowa. Saƙo yakan isa, amma idan kwamfutar ofis ba ta san cewa sabar ce ƙofar zuwa ɗakin kwamfuta ba, sai ta tura amsa ta ƙofar intanet, amsar ta ɓace. Maganinsa shi ne a ƙara mata tsayayyar hanya zuwa sabar.

Haɗin kuma yana buɗe ƙofa ga kowa. Idan ba a sa katangar tsaro ba, ɗalibi zai iya kaiwa ga kwamfutar da ke ajiye da sakamakon jarrabawa.