Ragin Kuɗin Taya a Amurka: Mai Ɗaurawa da Kansa Ma Yana da Rabo?

Duk lokacin da bazara ta kama ko hunturu ya gabato, kamfanonin taya a Amurka sukan shiga rige-rigen talla. Michelin, Goodyear, Bridgestone da Continental kowa na cewa a sayi tayoyinsa huɗu, a sami dala 70 ko 80, wani lokaci har 100. Sai dai ba a kanta ake cire kuɗin ba. Mai saye zai biya cikakken farashi, har da harajin saye a jihohin da ke karɓa, sannan ya cike fom a intanet ko ya aika ta gidan waya tare da rasit, ya zauna jira na makonni shida zuwa takwas. Abin da yakan zo masa a ƙarshe kati ne na Visa ko Mastercard da aka zuba wa kuɗin, kuma katin ma yana da wa'adi, galibi wata shida.

Me ya hana kamfani rage farashin kai tsaye? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farashin da ke jikin kaya ba ya faɗuwa a idon kasuwa, kamfani yana samun suna da adireshin mai saye, kuma wani kaso na mutane ba sa neman kuɗin sam. Wani ya manta, wani rasit ɗinsa ya ɓace, wani ya aika bayan ranar rufewa. Duk kuɗin da ba a nema ba ya zauna a aljihun kamfani.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai ɗaura taya da kansa. Irin waɗannan suna da yawa, musamman a jihohin arewa masu dusar ƙanƙara, inda mutum kan ajiye tayoyin hunturu daban, ya sauya su a ƙofar gidansa da jak da sifana. Kamfanin Tire Rack na South Bend a jihar Indiana ya daɗe yana aika wa mutane taya har gida, wani lokaci an riga an sa ta a wili an daidaita nauyinta, abin da ya rage kawai a ɗaure noti. To, irin wannan mutum ba shi da takardar gareji da za ta shaida an ɗaura masa. Ko zai sami ragin?

Amsar tana cikin ƙananan rubutun da ke ƙasan fom. Akasarin ragin da ke fitowa daga mai ƙera taya saye yake dubawa: tayoyi huɗu na samfurin da aka ambata, a rasit ɗaya, daga dilan da kamfanin ya amince da shi, cikin ranakun da aka ƙayyade. In haka ne, ɗaurawa a gida ba ta hana komai. Amma akwai tayin da ke cewa sai an saya kuma an ɗaura a wurin dila, musamman wanda shago ne ya ƙara nasa ragin a kan na kamfani, domin shagon daga kuɗin aiki yake fanshewa. Wanda ya sayi tayoyinsa daga wani ɗan kasuwa da ba ya cikin jerin dilolin kamfani, ko ya raba sayen biyu yau biyu gobe, shi ma ya fita daga layi. Don haka karatun sharaɗi kafin biya ne yake da amfani. Bayan an biya, sai haƙuri.

Akwai kuma takardar da ta fi dala 70 muhimmanci, wadda mai aikin gida ya fi kowa saurin tsallakewa. A gefen kowace taya akwai lamba da ke farawa da DOT, kuma tun shekarar 2000 alƙaluma huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Lambar nan ce ake yi wa rajista don kamfani ya iya nemo mai taya idan aka gano aibi. Amurkawa sun ga amfanin hakan a watan Agustan 2000, lokacin da Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan haɗurran da suka ci rayuka, yawancinsu a motocin Ford Explorer. A shago akan miƙa wa mutum katin rajista ko a cike masa; a gida kuwa babu mai tuna masa. Lambar DOT ɗin ɗaya ce da wadda ke jikin tayoyin da ake sayarwa a Kano ko Maraɗi, kuma duk mai sayen ta hannu ya kamata ya iya karanta ta.

Garantin nisan tafiya ma haka yake. Kamfanin da ya yi alkawarin mil 60,000 yakan nemi shaidar cewa ana juya tayoyin gaba da baya a kan kari. Mai yi da hannunsa sai ya riƙa rubuta kwanan wata da adadin mil a littafi, ya adana hoton rasit da lambar da aka ba shi ranar da ya tura fom ɗin ragi, domin da ita ake bin sawun kuɗin idan mako takwas ya wuce shiru.