Raɓa a sama, ƙanƙara a ƙasa: ruwan da duniyar Mars ta ɓoye

Makiyayin Azagor, a yankin Dakoro, ya san raɓar safiya dabam, ruwan rijiya dabam. Raɓa takan tashi da hantsi, na ƙarƙashin rairayi kuwa yana nan har bazara. Haka lamarin yake a duniyar Mars, jan tauraron nan da ake hangowa da dare.

Shekarar Mars kwana 687 ce, hunturunta kuma dogo ne. Idan sanyi ya kai wajen digiri 125 ƙasa da sifiri a ƙuryar arewa ko ta kudu, sai iskar kabon, wadda ita ta fi yawa a can, ta daskare ta lulluɓe ramuka fari fat. Da rana ta dawo, wannan raɓa ba ta narkewa, iska take komawa kai tsaye.

Ruwan gaske yana ƙasa. Ramin Korolev da ke arewa faɗinsa kilomita 82, ƙanƙarar cikinsa kuma kaurinta ya kai kilomita 1.8. Ba ta gushewa duk shekara, domin iska mai sanyi na kwanciya a kanta kamar faifai a bakin randa. Kumbon Turai, Mars Express, ya ɗauki hoton ramin, aka fitar a 2018. Tun a 2008 na'urar Phoenix ta Amurka ta tona ƙasar Mars, ta tarar da ƙanƙara kusa-kusa.

Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ya san darajar wannan labari: in ɗan Adam zai sauka Mars, ruwa zai fara nema.