Haruffa Masu Ƙugiya da Gyaran Kurakuran Jeranta Bayanai a Kwamfuta

Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ya ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ cikin rubutun boko na Hausa. Dalilin haka a fili ya ke, gama ƙugiyar nan ita kaɗai ta raba kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari. To, yau rubutu ya koma cikin kwamfuta, a can ma ƙugiyar takan salwanta. Nufin wannan maƙala shi ne a bayyana inda kuskuren ya ke shiga, da inda ya kamata a gyara shi.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, sai lamba. Tsarin ASCII na 1963 yana da lambobi 128 kawai, babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. Tsarin Yunikod, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba ƙ lamba 409, ɓ 595, ɗ kuwa 599. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka shirya UTF-8, watau hanyar rubuta lambobin nan da bayit, ƙaramin ma'aunin ajiya na kwamfuta. A wannan hanya k bayit ɗaya ne, ƙ kuwa biyu.

In za a aika bayani daga wata kwamfuta zuwa wata, sai a mai da shi jerin bayit, can kuma a mai da jerin yadda bayanin ya ke da fari. Wannan shi ne jeranta bayanai. Akwai rumbunan manhaja da aka tanada domin aikin, kamar Protocol Buffers wanda kamfanin Google ya sake wa kowa a 2008. Mai aiki da irinsu fasalin bayaninsa kawai ya ke tsarawa, ya ce ga gurbin suna, ga na gari, ga na shekaru. Sa'an nan wata manhaja, wadda za a kira maƙera a nan, ta karanta fasalin, ta ƙera umarnin da zai jeranta bayanin ya kuma warware shi.

Kurakurai uku sun fi shafar Hausa. Na fari na ƙirga ne. Waɗansu tsare-tsare sukan sa tsawon kalma a gabanta, don mai warwarewa ya san inda za ta ƙare. A ɗauki Daɗin Kowa, cikin ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin Jihar Kano. Sunan alama 10 ne har da tazarar tsakiya, amma bayit 11 ne saboda ɗ. In umarnin da aka ƙera alamu ya ƙirga maimakon bayit, sai sunan ya fito Daɗin Kow, harafin da ya ragu ya faɗa gurbin gaba ya ɓata shi. Bebeji da Tudun Wada kuwa za su wuce lafiya, don haka wanda ya gwada da su kaɗai ba zai ga aibu ba.

Na biyu na karatu ne. In an jeranta da UTF-8, aka warware da tsohon tsarin Windows-1252, kowane bayit sai a ɗauke shi harafi mai zaman kansa, ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—. Muddin bayit ɗin suna nan, ana iya dawo da asali. Amma in manhaja ta sa alamar tambaya a madadin harafin da ba ta gane ba, to, hasara ta tabbata, gama ?asa ba ta nuna ko ƙasa ce ko wata kalma.

Na uku ya shafi 'y, wanda a Nijar a ke rubutawa ƴ. A yawancin harsunan shirya manhaja, ɗaurin nan na sama alama ce ta buɗe zance ko rufe shi. In maƙera ta zuba 'ya'ya cikin umarni ba tare da ta nuna cewa ɗaurin na cikin kalma ne ba, sai umarnin ya karye tun bai fara aiki ba.

Game da gyara, misalin akwatin buga bulo ya isa. In akwatin ya karkace, kankare bulo ɗaya ɗaya wahala ce ta banza, gama bugun gobe ma a karkace zai fito. Haka nan gyaran da aka yi da hannu cikin umarnin da aka ƙera yakan shafe da zarar an sake ƙerawa. Lalle ne a gyara maƙerar kanta, ta riƙa ƙirga bayit, ta tsaya kan UTF-8 a tafiya da dawowa, ta kuma kare ɗauri. Bayan gyara sai gwaji: a jeranta kalma, a warware ta, a duba ko ta dawo daidai. Kalmar da ta tona wani kuskure sai a bar ta cikin jerin gwaji har abada, don kada kuskuren ya komo ba a sani ba.

A nan ne aikin malaman Hausa ya ke. Mai shirya manhaja a Amurka ko Indiya ba lalle ya san cewa ƙafa daban, kafa daban ba. Malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai su ne za su iya tsara jerin kalmomin gwaji, mai ɗauke da kowane harafi mai ƙugiya, babba da ƙarami, a farkon kalma da tsakiyarta, da 'y da ƴ duka biyu. Yawancin rumbunan nan a buɗe su ke, kowa na iya kai rahoton kuskure. Rahoton da ya nuna kalmar da ta shiga, da abin da ya fito, da abin da ya kamata ya fito, ya fi amfani bisa ga kukan cewa kwamfuta ba ta jin Hausa.