Kafin Ka Karɓi Aikin "Anti" Ko "Onkul" A Nazare

A wata huɗun da na yi ina SIWES a wani kamfanin leda da ke Sharada, kullum da sassafe nakan ga mata ma'aikata suna sauka daga adaidaita sahu, wasu da goyo, wasu riƙe da hannun yaro ɗan shekara uku. Kafin su shiga bakin aiki sai su ratse cikin unguwa su ajiye yaran a wata 'yar nazare mai ɗaki uku. Ba sa ɗaukar su sai bayan la'asar. Haka abin yake a wajen Challawa da Panshekara, haka a Dakata da ke maƙwabtaka da Bompai. Dokar Ƙwadago mako 12 ta ba mai haihuwa na hutu, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Da ya ƙare, dole wani ya riƙe yaron.

To, wa ke riƙe shi? Sau da yawa irinmu ne. An gama difloma, ana jiran aiki ko HND, sai mai makarantar kuɗi ya ce zo ka riƙe mana ƙaramin aji, ai yara ne, ba wuya. Yayata ma haka ta fara. Diflomarta ta harkar kasuwanci ce, amma ta shekara huɗu ana kiranta Anti.

Abin da ya mayar da ita karatu wata uwa ce da ta zo a fusace, wai ɗanta ya yi zango biyu bai iya rubuta ɗaya zuwa ɗari ba, kuɗinta take biya. Yaron shekararsa uku fa. Yayata ta ji a jikinta cewa buƙatar ba daidai ba ce, amma ba ta da hujjar faɗa, sai haƙuri ta bayar. Mai makaranta kuma ya ce a ƙara wa ajin aikin gida. Bayan ta yi NCE a fannin ilimin ƙananan yara, irin wannan maganar ta sake tasowa, sai ta zaunar da uwar ta yi mata bayani: yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin riƙe fensir yadda ya kamata ba, mulmula laka da zane da ƙirga marafan kwalba su ne ke shirya hannun da ƙwaƙwalwar. Uwar ta saurara. Ba don muryar yayata ta canza ba, sai don yanzu ta san dalilin abin da take yi, kuma akwai takardar da ke nuna ta karanta shi.

Ga yadda takardun suke. A Manufar Ilimi ta Ƙasa, NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita. Karatun shekara uku ne, kuma hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta ware wa renon ƙananan yara fanni na kansa, wato ECCE. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan bugun manufar na 2013 ya sanya shekara ɗaya ta share fagen firamare cikin tsarin. Manufar ta ce malami ɗaya yara 25 a ajin nazare. Wanda ya taɓa leƙa irin makarantun da nake magana ya san ana wuce haka nesa ba kusa ba.

Sai rajista. Hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke da rajistar malaman Nijeriya. Tun 2017 sai ka ci jarrabawarta ta kwamfuta kafin ta ba ka satifiket da lasisi. Rukuni huɗu ne, daga A na masu digirin digirgir zuwa D na masu NCE. A nan ne ya kamata mu buɗe kunne: ND ɗinmu, ko ta akanta ce ko ta injiniya, ba shaidar koyarwa ba ce. Ko HND ita kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗora mata PGDE.

Gaskiya dai takarda ba ta sa haƙuri. Na ga dattijuwar da ba ta da ko satifiket ɗin sakandare, amma yaro na kuka ta ɗauke shi ya yi shiru, abin da wata mai NCE ta kasa. Kuma wasu masu makarantu da gangan suke ɗaukar marasa takarda, don sun fi araha kuma ba sa musu. Amma ai wannan ma dalili ne. Ranar da jami'an sa ido suka zo, ko SUBEB ta buɗe ɗaukar malamai, shekarun da ka yi kana share majina da koyar da waƙa ba a ƙirga su idan babu takarda a fayil.

Wanda ya ga zai daɗe a wannan aikin, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya nemi NCE, Kwalejin Sa'adatu Rimi tana nan Kumbotso, ƙaramar hukumar da Challawa take, ga kuma NTI ta Kaduna mai karatu daga nesa ga wanda ba zai iya barin aiki ba. Ko kuma ya ƙarasa HND ya yi PGDE. Ni da za a tambaye ni, mai son ajin 'yan shekara uku NCE ta ECCE ta fi masa, domin PGDE koyarwa ce gaba ɗaya, ba ta tsaya kan ƙananan yara ba. Kafin ka biya kuɗin fom, ka je da ƙafarka ka tambaya ko suna da fannin, kuma ko NCCE ta amince da shi.