Shari'o'in Da Dajin Birnin Gwari Ya Bari

A watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗansu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, sa'an nan ya buɗe kasuwar shanun garin wadda ta yi shekaru da dama a rufe. Kafin wannan rana ƙasar ta sha wuya ƙwarai. Ɓarayin da suka yi sansani a dajin Kamuku da dazuzzukan da suka haɗe da shi har zuwa Zamfara da Neja sun kwashe shanu, sun tashi ƙauyuka, sun kuma yi garkuwa da mutane. A ƙauyen Gwaska kaɗai an kashe fiye da mutum 40 a rana ɗaya cikin watan Mayu na 2018.

Irin wannan fitina ko ta lafa takan bar rigingimu a baya, kuma yawancinsu gaban alƙali suke ƙarewa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san wace kotu ke jin wace ƙara, da kuma abin da alƙali ke dogara a kansa kafin ya yanke hukunci.

A da alƙalai suna ƙarƙashin En'e ne, har zuwa 1968 lokacin da gwamnati ta karɓe su ta kafa kotunan yanki. A 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya a maimakonsu. Ban da waɗannan akwai kotun majistare da Babbar Kotun Jiha. Dokokinsu sun bambanta, amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya, watau alƙali ba ya hukunci da abin da ya ji a gari, sai da hujjar da aka kawo gabansa. A shari'ar Musulunci mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa.

A ɗauki misalin makiyayin da ya shiga kara ranar kasuwa ya ga saniyarsa da aka sace shekara uku da suka wuce a hannun wani mahauci. Mahaucin ya ce saye ya yi, ga dillalinsa. A Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Arewa ke bi, sayen kayan sata ba ya halatta shi ko da mai sayen bai sani ba. Amma sai makiyayin ya kawo shaidu adalai waɗanda suka san saniyar da kamanninta da lambar da ke jikinta, sa'an nan ya rantse cewa bai sayar ba, bai kyautar ba. In ya yi haka sai a ba shi abarsa, mahauci kuma ya bi wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa. Wahalar ita ce, maƙwabtan da suka san garken nan watakila sun mutu ko sun watse. In babu shaidu, mahauci ya rantse, saniya ta zauna a hannunsa ko da makiyayi yana da gaskiya. Irin wannan ne ya sa ake cewa shari'a saɓanin hankali.

Rigima ta biyu ita ce ta gona. Mutum ya gudu da iyalinsa zuwa cikin Birnin Gwari ko Kaduna, bayan shekaru ya komo ya tarar wani yana noma gonarsa. Wanda ke ciki zai kafa hujja da hauzi, watau daɗewar riƙo, domin malamai sun ce wanda ya riƙe fili shekara 10 yana aiki a cikinsa ba a jin da'awar bare a kansa. To, amma hauzi yana da sharuɗɗa. Dole ne mai gonar ya zama yana nan, yana gani, ya yi shiru alhali babu abin da ya hana shi magana. Wanda tsoron bindiga ya kora yana da uzuri, shekarun gudunsa ba sa shiga lissafi. Abin da alƙali zai nema shi ne shaidar maƙwabtan iyaka da ta mai unguwa ko dagaci, a kan wanda ya mallaki gonar da kuma dalilin tashinsa.

Ta uku ta fi ban tausayi, ita ce ta matar da aka tafi da mijinta daji, labarinsa ya yanke. Alƙali ba ya raba wannan aure nan take. Sai ya sa a yi cigiya, in ba a ji ɗuriyarsa ba ya ɗiba mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wannan kuwa in mijin ya bar abin ciyar da ita ne. In bai bari ba, tana da ikon neman a raba auren saboda rashin ci da sha, ba sai ta jira shekarun nan ba. Dukiyarsa kuma ba a raba ta gado sai mutuwarsa ta tabbata, ko kuwa ya kai shekarun da galibi tsararsa ba su wucewa.

Kafin alƙali ya rufe kowace shari'a irin waɗannan sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Barin i'izari kaɗai yana iya sa a rushe hukunci a sama. Wanda bai gamsu ba yana da ikon ɗaukaka ƙara. Maganar aure da gado takan tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, gardamar mallakar gona wadda ba ta shafi gado ba kuwa Babbar Kotun Jiha ce ke jinta. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ke da reshe a Kaduna, sa'an nan Kotun Ƙoli a Abuja.

Manyan laifuffuka, kamar kisan kai da fashi da makami, hanyarsu dabam ce. Majistare ba shi da ikon jinsu, iyakarsa ya sa a tsare wanda ake tuhuma. 'Yan sanda su aika da takardun bincike Ma'aikatar Shari'a a Kaduna, lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar da za ta tsaya a Babbar Kotu. In kuwa tuhumar ta ta'addanci ce, Babbar Kotun Tarayya ke da iko, kuma ita ce a watan Nuwamba na 2021 a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda.

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ce sai an tabbatar ba tare da sauran shakka mai ma'ana ba. Iƙirarin da aka samu da duka ko azaba kotu ba ta karɓarsa. A nan ne shari'o'in daji suka fi faɗuwa. An kai hari da dare, wanda ya ga fuskar ɓarawo yana zaune a ƙauyen da abokan ɓarawon suka sani, kuma sai ya biya kuɗin mota ya zo kotu a ɗage, ya sake zuwa a sake ɗagewa. Ran da ya gaji ya daina zuwa, Joji ba shi da abin yi sai ya sallami wanda ake tuhuma, mutanen gari kuma su ce an sayi shari'a.

Saura maganar tuba da sulhu. Tsarin Mulki ya ba Babban Lauyan Jiha ikon janye ƙarar laifi a sashe na 211, ya kuma ba Gwamna ikon afuwa a sashe na 212. Amma malaman Malikiyya sun bayyana cewa ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi haddi ya faɗi a kansa, haƙƙin mutane kuwa na jini da na dukiya yana nan sai in masu shi sun yafe. Don haka sulhun gwamnati bai rufe wa mai saniya ko mai gona ƙofar kotu ba.

Abin da zai sa ƙofar nan ta yi amfani shi ne a tsare lafiyar shaidu, a rage ɗage-ɗage, shugabannin kara su riƙa rubuta sunan mai sayarwa da na dillali da kamannin kowace dabba, dagatai kuma su rubuta gonakin waɗanda suka yi gudun hijira tun dattawan da suka san iyakoki suna da rai.