Yadda Kwamfuta Ke Tsamo Sunaye Daga Labarin Hausa

Furojet ɗina ya buƙaci in tsamo sunayen mutane da garuruwa daga tarin labarai kan kasuwar shanu ta Wudil. Da hannu kam, wallahi sai ranar difens ta zo ban gama ba. Manhajar da wasu suka riga suka horar ce ta fisshe ni.

A 2021 masu binciken Masakhane suka fitar da MasakhaNER, rubutun da aka yi wa sunayensa alama a harsunan Afirka 10, har da Hausa. Manhajar da aka horar da shi tana Hugging Face, sunanta Davlan/xlm-roberta-large-masakhaner.

A Python, ka sauke transformers, ka kira pipeline, ka ba shi "ner" da wancan sunan, sannan ka miƙa masa jimla. Zai liƙa alamomi: PER mutum, LOC wuri, ORG ƙungiya, DATE kwanan wata. Nauyinta ya haura gigabait 2, saboda haka yi a Google Colab, kar datarka ta ƙare.

Amma fa bi sakamakon da idonka. Mukan ɗauki gari a matsayin suna: Aminu Kano mutum ne, Kano gari. Nan manhaja ke iya tuntuɓe, kuma kai malamai za su titsiye, ba ita ba.