Shin Da Gaske Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

An daɗe ana cewa a ƙasar Hausa ciwon daji (sankara) ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fantsama. Wannan magana ta sa mata da yawa sun ɓoye ƙululu a mama, ana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe ya fara wari sannan a kwashe su zuwa asibiti. Abin takaici, wuƙar da ake gudu tana kan gaba wajen warkar da irin wannan ciwo idan an zo da wuri.

Likita yakan fara da gutsuro ɗan nama daga ƙululun a gwada, a kuma ɗauki hoto a ga ko ciwon ya yaɗu. Idan yana wuri guda, sai tiyata: a cire shi da naman da ke kewaye, wani lokaci har da kaluluwar hammata.

Daga nan akan tura wasu gashi. Babu wuta a ciki. Maras lafiya zai kwanta ƙarƙashin na'ura, an yi wa fatarsa alama, haske mai ƙarfi ya ratsa wurin na 'yan mintoci, galibi kwana biyar a mako har makonni. Injinan ne suka yi ƙaranci: asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato suna cikin 'yan wuraren da ake yi a Arewa, Nijar kuwa sai 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai.

Kemo ita ce aka fi tsoro. Ana saka maganin cikin ƙarin ruwa, ya bi jini yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, shi ya sa gashin kai ke zubewa, amai ya taso, jiki ya mutu. Gashin yana dawowa bayan an gama. Mai shakkar amfaninta ya dubi sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958: kumburin yakan fara sacewa cikin kwanaki da soma magani, yara da yawa sun warke.

Wasu masu sankarar mama kuma ƙwayar tamoxifen suke sha, shekara biyar ko fiye.

Duk wadda ta ji ƙululu a mamanta, ko yana ciwo ko ba ya yi, ta je likita ya duba tun yana ƙarami.